Babi na Biyar: Idan Na Goge Komai a Burauza, Asirina Ya Rufu?

Akwai tambayar da masu gyaran waya da masu shagon intanet suka saba ji, sau da yawa da murya ƙasa-ƙasa: "Idan na goge komai a burauza, shi ke nan babu wanda zai san inda na shiga?" Mai tambayar yakan so a ce masa e ko a'a, amma amsar tana rataye ne a kan wanda yake jin tsoro. Masu iya sanin inda mutum ya shiga a intanet kashi biyu ne. Akwai na kusa, wato duk wanda wayar ko kwamfutar za ta iya faɗawa hannunsa: ƙanin da ya ara zai kalli ƙwallo, abokin aikin da kuke amfani da kwamfuta ɗaya a ofis, mai gyara, wanda ya zauna a kujerar shagon intanet bayan tashinka, ko ɓarawon da ya fizge wayar. Akwai kuma na nesa, waɗanda ba su taɓa ganin wayarka ba, ba sa ma bukatar ganinta: shafin da ka ziyarta, kamfanonin talla, kamfanin layinka, da kamfanin da ka buɗe asusun imel a wurinsa. Gogewa tana aiki sosai a kan na kusa, tasirinta a kan na nesa kuwa kaɗan ne. Ko a kan na kusan ma, sai mutum ya san abin da ya kamata ya goge, domin da yawa daga cikinmu muna share abin da bai fi hatsari ba, mu bar wanda zai iya jawo mana asara.

Me burauza ke ajiyewa?

Burauza, ko Chrome ce ko Firefox ko Safari ko Opera, ba wuri ɗaya take zuba abin da take ajiyewa ba. Na farko shi ne ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira kash. Ranar da ka fara buɗe shafin wata jarida, sai burauza ta sauko da tambarin jaridar, da hotuna, da salon rubutu, da ƙananan fayilolin da ke tsara fuskar shafin. Maimakon ta zubar da su idan ka fita, sai ta adana kwafinsu a cikin wayar. Gobe idan ka dawo, labaran da suka sauya kawai za ta nemo, sauran ta ɗauko daga ma'ajiya. Shi ya sa shafin da ka saba shiga yake buɗewa da sauri, yake kuma cin data kaɗan. Shafin ne da kansa yake gaya wa burauza tsawon lokacin da za ta riƙe kowane fayil, kuma shafukan banki sukan umarce ta da kada ta adana bayanan asusu ko kaɗan. Don sauƙaƙa wa mutane aka ƙirƙiri wannan ma'ajiya, a zamanin da intanet ke tafiya da ƙyar ta layin tarho, kuma har yau tana amfanar duk wanda ke lissafin datarsa.

Na biyu shi ne tarihi, jerin shafukan da aka buɗe tare da rana da lokaci. Wannan ne ya fi saurin tona asiri, domin ba ya bukatar wata ƙwarewa. Mai aron waya ba sai ya je neman tarihin ba ma: yana fara rubuta harafi biyu a wurin adireshi, burauza za ta jero masa shafuka da tambayoyin da mai wayar ya taɓa rubutawa masu farawa da waɗannan haruffa. Na uku su ne kukis, waɗanda za mu daɗe a kansu nan gaba kaɗan. Na huɗu kuma bayanan cike fom da kalmomin sirrin da aka amince wa burauza ta riƙe, irin su suna, lambar waya, adireshin gida, wani lokaci har da lambar katin banki. Kowanne daga cikin huɗun nan da akwatinsa daban a allon gogewa, kuma goge ɗaya ba ya taɓa sauran.

Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. A wayoyin Android akwai maɓallin da aka rubuta wa Clear cache a cikin saitin kowace manhaja, kuma shi ne masu gyara suka fi koya wa mutane idan waya ta cika ko ta yi nauyi. Wanda ya danna shi ya zubar da fayilolin wucin gadi, ya samu ɗan fili a waya, amma tarihinsa yana nan daram, haka kukis, haka kalmomin sirri. Sai ya miƙa wayar ga wani hankali kwance, alhali bai rufe komai ba.

Wanda ya zauna bayan tashinka

A ɗauki misalin ɗaliba da ta je shagon intanet cike fom ɗin neman makaranta. Ta buɗe imel ɗinta don ta ɗauko lambar da aka turo mata, ta ɗora hoton fasfo, ta rubuta sunanta da ranar haihuwa da lambar waya, ta sauke takardar shaida aka buga mata, sannan ta danna alamar rufewa a kusurwar allo ta biya kuɗi ta tafi. A ce ma tana da ɗan sani, ta goge ma'ajiyar wucin gadi kafin ta tashi. Abin da ta goge shi ne kwafin hotuna da fayilolin shafukan da ta buɗe, waɗanda mai ƙwarewa zai iya tonowa da wata ƙaramar manhaja. Wannan ba laifi, ta yi wani abu. Amma takardar da ta sauke tana nan a cikin jakar saukewa ta kwamfutar, ɗauke da hotonta da duk bayananta, domin ko jerin abubuwan da aka sauke aka goge a burauza, fayilolin kansu ba sa gogewa. Lambar wayarta na iya fitowa ga wanda zai cike fom bayanta. Mafi muni, idan na bayan ya rubuta adireshin Gmail, akwatin saƙonta zai buɗe masa ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

Dalilin wannan shi ne kukis. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro su a kamfanin Netscape a 1994, saboda shafin intanet ba shi da hanyar gane cewa wanda ya buɗe shafi na biyu shi ne ya buɗe na farko. Aikinsu ya yi kama da katin da mai ajiyar babura ke bayarwa a bakin kasuwa. Ka kawo babur, an gan ka, an ba ka ɗan kati mai lamba. Idan ka dawo, ba a sake tambayarka takardun babur, katin kawai ake dubawa, kuma duk wanda ya zo da katin shi za a miƙa wa babur. Kalmar sirri sau ɗaya shafi yake tambayarka, daga nan sai ya ba burauzarka kati, ita kuma ta riƙa nuna shi a duk lokacin da ka buɗe wani shafi nasa. Rufe allo ba ya mayar da katin. Ɗalibarmu ta tafi gida ne ta bar katinta a kan teburin shago.

Wannan hatsari ya wuce shagon intanet. A watan Maris na 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a YouTube, tasha mai mabiya sama da miliyan 15 wadda aikinta ma bayanin fasaha ne. Ɓarayin ba su san kalmar sirri ba, ba su kuma karya matakin tabbatarwa na biyu ba. Wani ma'aikaci ne ya buɗe fayil da ya zo a matsayin takardar tayin talla, fayil ɗin ya kwashe kukis na burauzarsa ya aika musu, su kuma suka shiga da katin da aka riga aka amince da shi. Daga nan za a fahimci abin da ya sa fita daga asusu ya fi goge kukis ƙarfi. Idan ka goge kukis, kwafin katin da ke hannunka ka jefar, amma idan wani ya riga ya kwafe shi, nasa na iya ci gaba da aiki. Idan ka danna maɓallin fita, shafin ne da kansa yake soke lambar, ta zama ba ta da amfani a hannun kowa. Saboda haka a kan na'urar da ba taka ba, fita ake fara yi, sannan a goge.

Lokacin da ma'ajiya ta zama hanyar bin sawu

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa ma'ajiyar wucin gadi ba ta da wani hatsari a wajen na nesa. Ta taɓa samunsa, kuma tarihin abin yana da amfani. A shekarar 2000, Edward Felten da Michael Schneider na Jami'ar Princeton a Amurka sun nuna cewa shafi zai iya gano inda mutum ya taɓa shiga ta hanyar auna lokaci kawai. Shafin zai sa burauzarka ta ɗauko, a ɓoye, tambarin wani shafi daban, sannan ya duba tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Idan tambarin ya fito nan take, daga ma'ajiya ya fito, ke nan ka taɓa zuwa can. A 2011 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano wata dabarar da ta fi wannan muni a shafuka irin su Hulu, ta hannun wani kamfanin ƙididdiga mai suna KISSmetrics. Akwai wata 'yar alama da shafi ke liƙa wa fayil, don burauza ta iya tambaya daga baya ko fayil ɗin ya sauya. Sai kamfanin ya riƙa ba kowane baƙo alama tasa shi kaɗai. Mutum zai goge kukis ɗinsa tsaf, amma da ya dawo, burauza ta nuna alamar da ke ma'ajiya, a gane shi, a mayar masa da kukis ɗin da ya goge. Maganar ta kai kotu.

Masu ƙera burauza sun toshe babban ɓangare na wannan ƙofa ta hanyar raba ma'ajiyar, kowane shafi da nasa ɓangaren, ta yadda wani shafi ba zai iya leƙa abin da aka adana wa wani ba. Safari ce ta fara tun 2013, Chrome ta bi a 2020, Firefox kuma a farkon 2021. Darasi biyu ne a nan ga mai amfani. Na ɗaya, idan za a goge kukis, a haɗa da ma'ajiya a lokaci guda, don kada ɗaya ya farfaɗo da ɗaya. Na biyu, sabunta burauza ya fi yawan gogewa kare mutum daga irin waɗannan dabaru. Wanda ke riƙe da tsohuwar burauza saboda tsoron cin data wajen sabuntawa, ya sani cewa ramukan da aka toshe wa wasu shekaru da suka wuce suna nan a buɗe a wayarsa.

Abin da gogewa ba ta taɓawa

Duk abin da aka goge a waya, kwafin da ke wayar ne aka goge. Shafin da ka ziyarta yana da nasa rikodin na lokacin zuwanka da adireshin intanet ɗin da ka zo da shi. Kamfanin layi, ko mai wayfai na ofis ko na otal, ba ya iya karanta abin da ke cikin shafin da aka kulle, wanda aka saba gani da alamar kwaɗo, amma galibi yana ganin sunan shafin da lokacin da aka buɗe shi. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirga da na masu layi har shekara biyu, kuma tun ƙarshen 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Mai amfani da Opera Mini a yanayin tsimin data mafi tsanani, shafukansa ta kwamfutocin kamfanin Opera suke bi a matse su kafin su iso shi. Haka kuma adireshin da aka danna a cikin manhajar Facebook, a burauzar Facebook ta ciki yake buɗewa, wadda gogewar Chrome ba ta shafe ta ba. Sannan ga babban rumbun: duk wanda ya yi bincike a Google ko ya kalli bidiyo a YouTube alhali yana cikin asusunsa, ana iya adana abin a asusun, a can kwamfutocin kamfanin, kuma wurin goge wannan daban ne.

Ko da babu kukis, akwai hanyar gane na'ura daga siffofinta: girman allo, harshe, agogon yanki, nau'in burauza, salon rubutun da aka girka. A 2010 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF, a wani gwaji da Peter Eckersley ya jagoranta, ta auna burauza kusan 470,000, ta samu kashi 83.6 cikin ɗari kowacce tana da haɗin siffofin da babu mai irinsa a cikin waɗanda aka auna. Gaskiya ne cewa wayoyi samfuri ɗaya sun fi kwamfutoci kama da juna, amma dabarar tana nan ana amfani da ita, kuma gogewa ba ta sauya girman allonka.

Tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, ita ma iyakarta ke nan. Safari ta fara kawo irinta a 2005, Chrome ta zo da tata a 2008. Aikinta shi ne ta ƙi rubuta tarihi, ta kuma zubar da kukis da ma'ajiya da zarar an rufe ta. Mutane da yawa sun ɗauka tana ɓoye su daga kamfanoni ma, har a 2020 aka shigar da Google ƙara a Kalifoniya ana neman diyyar dala biliyan 5, bisa zargin ya ci gaba da tattara bayanan masu amfani da ita. A sulhun da aka bayyana a Afrilun 2024, kamfanin ya amince ya goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara gargaɗin da ke fitowa a allon don ya fito fili.

To, wahalar ta mece ce?

Mai karatu zai iya cewa, tunda manyan masu kallo suna gani ko an goge ko ba a goge ba, me zai sa a wahala? Amsar tana cikin tambayar kanmu wane ne ya fi iya cutar da mu gobe da safe. Kamfanin talla da ya san wata mata ta yi bincike kan rashin haihuwa zai nuna mata tallan magani, abin da bai dace ba, kuma za mu zo kansa. Amma idan 'yar'uwar miji ce ta ari wayar ta ga wannan bincike, maganar na iya zaga dangi kafin la'asar. Saurayin da ya nemi inda ake gwajin cutar ƙanjamau, ɗan kasuwar da ya duba sharuɗɗan rance saboda jari ya karye, ma'aikacin da ke neman wani aiki a kwamfutar ofis, duk na kusa ne za su iya kunyata su ko su yi musu illa kai tsaye. A gidajenmu, inda waya ɗaya takan zaga hannu da yawa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu cewa wanda ba shi da abin kunya ba ya bukatar ɓoyewa sun manta cewa rufin asiri abu ne da kowa ke roƙo, kuma yawancin abin da mutum ke son a rufa masa rauni ne ko bukata, ba laifi ba.

Wani kuma zai ce gogewa tana da tsada, kuma yana da gaskiya. Duk lokacin da aka share ma'ajiya, sai burauza ta sake sauko da komai da datarka. Duk lokacin da aka share kukis, sai an sake shiga kowane asusu, kuma wanda wani ne ya buɗe masa imel bai riƙe kalmar sirrin ba zai iya kulle kansa a waje. Shi ya sa ba na goyon bayan shawarar nan ta a riƙa share komai kullum, balle manhajojin "tsaftace waya" da ke yi wa mutane alkawarin sauri, alhali suna neman izinin shiga fayiloli, suna cika allo da talla, don su yi aikin da wayar ke iya yi da kanta. A kan wayarka ta kanka, makullin allo mai ƙarfi ya fi gogewar kullum amfani nesa ba kusa ba. Gogewa tana da lokutanta: bayan amfani da na'urar wani, kafin miƙa waya ga mai gyara ko mai aro, bayan binciken da ba ka so a gani, ko idan shafi ya rikice yana nuna tsohon abu. Wayar da za a sayar kuwa, gogewar burauza ba ta isa ba, sai an fita daga asusun an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Akwai iyaye da za su ji tsoron cewa wannan ilimi zai koya wa yara ɓoye abin da suke kallo. Damuwar a wurinta take, sai dai yaron da ke son ɓoyewa ya riga ya san tagar sirri, kuma duba tarihi bai taɓa zama abin dogaro wajen tarbiyya ba. Kayan sa ido na iyaye, irin su Family Link na Google, an yi su ne don wannan aiki.

Yadda ake yi

A kwamfuta mai Windows, danna Ctrl da Shift da Delete tare yana buɗe allon gogewa a Chrome da Firefox da Edge. A Chrome ta Android, ɗigo ukun da ke sama ne ke kai mutum can, a iPhone kuma saitin Safari. Abu na farko da za a duba shi ne tsawon lokaci, domin allon yakan ba da zaɓi irin su awa ɗaya da ta wuce, kwana ɗaya, mako ɗaya, mako huɗu, ko tun farko. Wannan zaɓi shi ne maganin tsadar da muka ambata: wanda ya ari kwamfutar abokinsa na rabin awa ya goge na awa ɗaya kawai, kada ya share wa mai ita komai. Sai a zaɓi tarihi da kukis da ma'ajiya tare, a leƙa ɓangaren ƙarin zaɓi a ga bayanan cike fom, a kuma tabbatar burauzar ba ta riƙe kalmar sirri ba. A lura da abu ɗaya: idan burauzar tana haɗe da asusun Google, goge tarihi a na'ura ɗaya yana goge shi a sauran na'urorin da ke haɗe da asusun. A ƙarshe a buɗe jakar saukewa a goge fayilolin da hannu, a zubar da kwandon shara na kwamfutar. Mafi sauƙi daga duk wannan, a kan na'urar wani, shi ne a buɗe tagar sirri tun kafin a rubuta komai, a ƙi amincewa idan aka tambaya ko a adana kalmar sirri, a fita daga asusu, sannan a rufe duk tagogin sirrin da aka buɗe, domin muddin ɗaya tana buɗe, kukis ɗin suna nan.

Saura rikodin da ke hannun na nesa. A babi na gaba za mu shiga cikin asusun Google da na Facebook, mu ga abin da suka tara a kanmu, inda ake saita rikodin Google ya riƙa goge kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36, da kuma abin da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum ikon nema daga kamfanin da ke riƙe da bayanansa.